Ƙwai Mai Lamba Ɗaya

Ni dai laifina ɗaya ne a cikin wannan magana: na ji kalma, na ɗauka da ni ake. Sunana Mairo, daga wani ƙauye nake a ƙasar Ringim, kuma shekarata ashirin da uku ina girki a gidan Alhaji Badaruddeen da ke Nassarawa GRA. 'Ya'yan gidan duk ni na goya su, yanzu sun yi aure sun watse. Saura Alhaji da matarsa Hajiya Uwa, sai Bala direba da ke zuwa da safe ya tafi da yamma, sai ni a ɗakina na can baya.

Ɗakin nan taku shida ne tsawonsa, faɗinsa biyar, da taga ɗaya mai kallon bishiyar lemon tsami. Gadona ne a ciki, da akwatin ƙarfe, da sallaya, da kujera mai gajeriyar ƙafa guda. Ba wani abin nunawa ba ne, amma ba ni da wani ɗakin a duniya sai shi. Na ƙauye ambaliya ta cinye shi shekarun baya, dangin marigayi mijina suka shuka gero a wurin. Saboda haka in kun ji ina tayar da jijiyar wuya a kan taku shida, kada ku ce tsohuwa ta cika fitina.

Abu biyu ne suke damun ɗakin. Kusurwar gabas tana yoyo, damina biyar ina tara roba. Ƙwan fitilarsa kuma ya mutu shekara biyu cur. Na faɗa wa Alhaji ya fi a ƙirga, amsarsa kullum ɗaya ce: “Za a duba.” Ban cika ganin laifinsa ba. Mutumin da ya kai babban sakatare a gwamnati, shekara talatin da biyar yana faɗin kalmomin nan uku ana ce masa ranka ya daɗe, ba don Mairo zai koyi wasu ba.

Da ya yi ritaya sai zaman gida ya ishe shi, mu kuma ya ishe mu. Har kicin yake biyo ni, hannu a baya, yana tambayar hujjar da ta sa albasa take riga tumatir shiga tukunya. Ana haka aka gayyace shi wani taron bita a otal, na kwana uku. Ya dawo da koriyar hula hana-sallah a kan babbar riga, ya ce a tara masa kowa a falo. Kowa ɗin nan mu uku ne.

“Daga yau,” in ji shi, “babu abin da ke gabana sai kare muhalli. Mun yi sakaci. Muhalli yana lalacewa a kan idonmu, mu kuwa muna ta cewa za a duba.”

Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido. A garinmu in an ce muhalli, inda mutum yake kwantar da haƙarƙarinsa ake nufi. In aka ce wane ba shi da muhalli, to ba shi da wurin kwana. A gidan nan kuwa muhallin wa yake lalacewa in ba nawa ba? Na durƙusa na ce, “Allah ya saka da alheri, Alhaji. Ai ɓangaren gabas ne ya fi lalacewa.”

Ya juya wajen Hajiya yana nuna ni. “Kin ji ko? Har Mairo ta sani. A taron ma haka aka ce, gabas ta fi shan wahala.”

Hajiya Uwa ta ce, “Uhm,” ba ta ɗago daga wayarta ba.

Sai ya yi mana bayani. Wai ƙwan fitila in ya mutu aka jefa shi a bola ya fashe, akwai wata guba a cikinsa mai suna zaiba, tana shiga ƙasa, daga ƙasa ta shiga ruwa, daga ruwa ta shiga cikin yara. Maganin shi ne a tara matattun ƙwai wuri ɗaya, a aika kamfani ya sake sarrafa su su zama sababbi. Ya tambaya ko akwai mataccen ƙwai a gidan. Na ce akwai nawa, shekararsa biyu da rasuwa.

Ku zo ku ga ikon Allah. Alhajin da ban taɓa ganin ƙafarsa a ɗakunan baya ba, shi ne ya zo da sallama, ya hau kujerata mai gajeriyar ƙafa Bala yana riƙe masa, ya kwance ƙwan da hannunsa. Ya zaro jan alƙalami ya rubuta masa lamba ɗaya a jiki, ya buɗe sabuwar rajista ya shigar: lamba ɗaya, matacce. Ni kuwa ina tsaye ina jiran sabo. Ya sauko, ya kakkaɓe riga, ya tafi da shi. Na ce wa kaina ai gyara a hankali ake yi, gobe za a kawo.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya miƙe a masallacin layinmu ya yi sanarwa: duk wanda ƙwansa ya mutu kada ya zubar, ya aiko gidansa. Bai ce na fitila ba. Shi a ganinsa duniya duka ta halarci taron otal. Washegari da hantsi sai ga a-kori-kura a bakin ƙofa, daga maƙwabcinmu Alhaji Sanusi mai gidan gonar kaji, ɗauke da kiret ashirin na baragurbi. Ya haɗo da saƙon cewa Allah ya yi wa Alhaji albarka, ya daɗe yana neman wanda zai raba shi da su.

Kai, warin nan har cikin tuwo na ji shi. Hajiya ta rufe tagogi ta ce kanta yana sarawa. Alhaji kuma ya ƙi mayarwa, wai shi ya yi sanarwa a masallaci, ba zai tashi a matsayin mai magana biyu ba. Ni da Bala muka haƙa rami a gindin lemon tsamina muka binne su, hanci ɗaure da ɗankwali. Bishiyar dai ta ji daɗi, don a shekarar sai da 'ya'ya suka karya mata reshe. Kiret ɗin kuwa Alhaji ya gwada ya ga ƙwan fitila yana zama a cikinsu daram. Ya ce wannan ita ce nasara ta farko ta sake sarrafawa, ya shigar a rajista.

Da aka gyara sanarwar, ƙwai na gaskiya suka fara zuwa, daga GRA, daga Badawa, har daga inda ba mu san kowa ba. Sai maganar wurin ajiya ta taso. Gareji na jif ɗin Alhaji ne. Sito na shinkafa ne. Falon baƙi kuwa Hajiya ta rantse in ta ga ƙwai ɗaya a ciki za ta tafi gidan 'yarta ta zauna. Alhaji ya kira ni ya ce, “Mairo, kiret biyar ne kawai za a ajiye a ɗakinki, na kwana biyu. Don muhalli ne.” Na ce ai babu komai, ni da ake yi domina. Da hannuna na matsar da akwatina na ba su wuri.

Biyar suka zama ashirin cikin mako guda, saboda Alhaji ya fito da takardar yabo mai firam da gilashi, wadda aka rubuta wa Gwarzon Muhalli, ga duk wanda ya fi kawowa a wata. In kuna son ku ga GRA ta tashi tsaye, ku sa abu a firam. Hajiya Maryam Nana da gidanta ke kallon namu ta sa aka kwance mata duk ƙwan da ke gidanta, sittin da huɗu, ta sayo sababbi aka ɗaura, ta aiko mana waɗancan. Alhaji ya gwada ya tarar duk da ransu, ya mayar mata da takarda cewa rajista ba ta karɓar mai rai. Ba ta yi fushi ba. Ta kira mai gyaran wuta ya jona su da janareto, ya yi ta murɗa ƙarfin wuta har suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Da yamma ta dawo da su, aka karɓa, aka ɗauke ta hoto da firam ɗinta.

Shi ma Bala ya sha nasa. In aka bugo waya daga Kaura Goje cewa ga ƙwai ɗaya ya mutu, Alhaji ba ya yarda ya kwana a can. Bala ya tayar da ƙatuwar jif ɗin nan mai shan mai kamar raƙumi, ya shiga cunkoso, ya yi awa biyu yana tula wa mutane hayaƙi, ya dawo da ƙwai guda a kujerar baya an ɗaura masa bel. Wata rana ya shigo kicin neman ruwa ya ce mini, “Iya Mairo, ni fa ban yi boko ba, amma hayaƙin da na bari a titi yau ya fi ƙwan nan nauyi.” Na ce ya yi haƙuri, duk don ɗakina ake yi. Ya dube ni kamar zai ce wani abu, sai ya shanye ruwansa ya fita.

Da ruwan farko ya sauka, yoyon gabas ya ɗiga a kan kiret. Ni damina biyar yana ɗiga a kan ƙafata ba a duba ba. Alhaji ya ga kiret ɗaya a jiƙe, kafin azahar kafinta yana kan rufi. Aka sa sabon kwano, aka yi silin, aka shafa farin fenti. Sai kuma ya karanta a wani wuri cewa zafi yana tayar da zaiba, aka kawo esi aka kafa, aka rataya labule mai kauri don kada rana ta leƙo. In an ɗauke wuta janareto ake tayarwa saboda su. Na kwana bakwai da bargo biyu ina yi wa Alhaji addu'a. Ƙwan fitila ne kawai ba a sa mini ba, na ce shi aka bari na ƙarshe.

Rana ta takwas ya zo da takarda mai hatimi, ya tsaya a bakin ƙofa ya karanta mini. “Doka ta bakwai. Ba a haɗa mai rai da matacce a ɗaki ɗaya.” Ya ce don lafiyata ne, kada zaiba ta shiga jikina. A fitar da gadona zuwa lungun da ke tsakanin kicin da sito, na wucin gadi, har motar kamfani ta zo daga Legas ta kwashe kayan.

Na ce, “Alhaji, ni ce zan fita?”

Ya ce, “To su ai ba su da ƙafa, Mairo.”

Bala ne ya kama mini gadon. Muka cusa shi tsakanin firiza da tukunyar gas, ƙafarsa ɗaya a kan buhun gawayi. Ina ta cewa oho, in an gama gyaran muhallin nawa ai komawa zan yi. Nan ne Bala ya ajiye gefensa, ya tsuguna, ya ce, “Iya, bari in faɗa miki tun da babu mai faɗa. Muhallin da Alhaji yake nufi ba ɗakinki ba ne. Duniya ce gaba ɗaya, iska da ruwa da ƙasa da itatuwa.”

Na ce, “Ni ina ciki?”

Ya sosa ƙeya. “Ban dai ji ya ambace ki ba.”

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, domin har 'yan aikin maƙwabta na faɗa wa cewa Alhaji ya kafa kwamiti a kan ɗakina. Bayan kunya haushi ya zo. Bayan haushi kuma tsoro, don da yamma Hajiya ta ga yadda nake naɗe sallaya biyu kafin ta shiga wurin, ta ce cikin tausayi, “Mairo, ko za ki je gida ki ɗan huta kafin a kwashe su?” Na ci gaba da naɗe sallayata. Wane gidan, gonar gero?

Wata huɗu na yi a lungun nan. Firiza tana gurnani a kunnena na dama, gas yana wari a na hagu, in zan yi sujada sai na karkata kada goshina ya bugi buhun gawayi. Alhaji kuwa tun da ya samu muhalli bai sake taka kicin ba, albasa da tumatir suka huta. Yana can falo yana rubuta wa kamfanin Legas wasiƙa. Ya rubuta guda tara. Ta goma ce aka amsa, Bala ya karanto mini a ɓoye, layi ɗaya ce: sun samu saƙonsa, za a duba. Allah ya yafe mini, ranar na yi dariya har na zauna a ƙasa.

Amma dariya ba ta mayar da ni ɗakina ba. Ni aka ɗora wa aikin goge ƙurar ƙwayayen duk Alhamis, da takunkumi a hanci da tocila a hannu, don ɗakin duhu ne ko da rana tsaka. In shiga ɗakina, in ji sanyi mai daɗi, in ga farin silin, in goge wa matattu jiki ɗaya bayan ɗaya, in ja musu ƙofa a hankali in koma wajen firiza. Wata Alhamis na kai kan lamba ɗaya, yana zaune a kiret na farko da jan rubutunsa. Na ce masa, “Kai ma dai ɗan ɗakin nan ne.” Na ƙulle shi a bakin zanina.

Da Bala zai kai ni cefane na ce ya bi da ni wajen wanda ya san kan fitila. Ya kai ni Kaura Goje, rumfar wani dattijo Malam Aƙilu mai gyaran rediyo da tocila. Malam Aƙilu ya juya ƙwan a hannu, ya sa bakin wuƙa ya ɓalle farin kan, ya leƙa ta saman tabarau.

“Iya, wannan ai bai mutu ba, suma ya yi.”

Ya nuna mini wani abu kamar ƙwayar gero da ya yi baƙi. Ya taɓa shi da ƙarfe mai zafi, ya cire, ya liƙa wani daga cikin wata tsohuwar gwangwani, ya mayar da kan. Ya jona. Ƙwan da aka yi wa rajistar mutuwa ya haske rumfar, kafin ma Bala ya gama gaisawa da mai shayin gefe.

Na ja da baya na ce, “Zaibar fa?”

Ya ce, “Irin wannan farin ai babu zaiba a cikinsa. Murɗaɗɗun nan da dogaye su ne masu ita, su ma in ba a fasa ba tana zaune a ciki lafiya lau.”

Na ba shi labarin gidanmu tun daga baragurbi, na tambaye shi tsakani da Allah ko tara su yana da amfani. Ya ce, “In akwai inda za a kai su a cire gubar, yana da amfani ƙwarai. In babu, bola kuka sauya wa unguwa, kuka sa mata esi. Rabin abin da kuka tara ma da kun kawo mini da sun koma aiki.” Na miƙa masa dambun da na ƙullo, ya yi godiya. Da muka koma gida na faki idon mutane, na taka kujerata, na ɗaura lamba ɗaya a inda aka kwance shi. Ban kunna ba.

Ranar Asabar Alhaji ya shirya bikin cikar ƙwai dubu huɗu. Aka kafa rumfa a tsakar gida, maƙwabta suka zo cikin shadda mai ƙara, Hajiya Maryam Nana ta zo da firam ɗinta uku a jaka. Akwai wata baƙuwa daga wata ƙungiya, da mai ɗaukar hoto a bayanta. Ni na dafa shinkafar da suka ci. Da aka gama jawabai Alhaji ya ce a taso a ga ma'ajiya, aka ɗunguma zuwa ɗakunan baya, ni ina biye da tire.

Ya buɗe ƙofa, sanyi ya fito, ya haska tocila a kan kiret da suka kai silin. Ya ce, “Jama'a, a nan guda dubu huɗu ne, kuma ina tabbatar muku babu mai rai ko ɗaya.”

Ni na san inda makunni yake, shekara ashirin da uku ina laluba shi. Na zura hannu ta bayan kafaɗar mai hoto na danna.

Ɗaki ya yi wal. Kowa ya ɗaga kai, ga jan ɗaya ɓaro-ɓaro a jikin ƙwan. Hajiya Maryam Nana ce ta fara magana, a hankali, “Alhaji, wannan kamar da ransa.”

Alhaji ya buɗe rajista shafin farko. Ya dubi rubutu, ya dubi sama, ya sake duban rubutu. “Lamba ɗaya matacce ne,” in ji shi. “Ga shi a rubuce, da sa hannuna.” Ƙwan dai bai ji ba, yana ta ci. Ya tambaya wa ya yi wannan aikin. Na ajiye tire na ce ni ce, na faɗi Malam Aƙilu da ƙwayar geronsa, ban rage komai ba.

Wuyansa ya kumbura. Sannan ya samu mafita irin tasa. “Doka ta bakwai. Ba a haɗa mai rai da matacce. Bala, kawo kujera a cire shi.”

Bala ya kawo kujerar, amma tafiyar da ya yi ko amarya ta fi shi sauri. Alhaji ya hau da kansa, ya miƙa hannu. Na san in ƙwan nan ya sauko shi ke nan, sai gonar gero. Na ce, “Ranka ya daɗe, in an cire shi ina za a kai shi? Lungun firiza ya cika, ni ce a ciki.”

Baƙuwar ta dube ni ta ce, “Iya, da can ɗakin wa ne nan?”

Na ce, “Muhallina ne, 'yar nan. Shi na zaci za a kare.” Sai bakina ya ƙi rufuwa. Na juya wajen Alhaji na ce, “Ban ƙi dokarka ba. Amma yanzu mu biyu ne masu rai, ni da shi, duk 'yan ɗakin nan. Me ya sa kullum mai ran ne yake fita?”

Hannunsa yana kan ƙwan, bai murɗa ba. Ya dubi Hajiya Uwa daga saman kujera ya ce, “Ina take kwana?”

Hajiya ta ce, “Inda ka ce a kai ta.”

Ya sauko. Ya nufi kicin, taron duka ya bi shi, har mai hoto, sai da Hajiya ta tare wa mai hoton gaba da mayafi. Alhaji ya tsaya a bakin lungun. Ga gado da ƙafa ɗaya a kan buhun gawayi, ga akwatina a ƙarƙashin tukunyar gas, ga sallaya a naɗe biyu. Firiza ta zaɓi lokacin ta tayar da gurnaninta. Ya daɗe a tsaye. Na ga ya cire koriyar hular ya riƙe a hannu, kansa babu komai a gaban baƙi, abin da ban taɓa gani ba. Tausayinsa ya kama ni, duk da haushin da nake ji.

Ya juyo ya gyara murya. “Doka ta bakwai tana nan daram,” in ji shi. “Ba a haɗa mai rai da matacce. Matattu su fita.”

Shi ya ɗauki kiret na farko. To wa zai tsaya yana kallon babban sakatare da kaya a hannu? Alhazai suka naɗe hannun riga, Hajiya Maryam Nana ta ajiye jakar firam, aka yi layi daga ɗakina zuwa gareji ana miƙa wa juna. Kiret ɗari da talatin da wani abu, sai da aka kai la'asar. Babu wanda ya tuna a fitar da jif tukuna. Aka jera mata gaba da baya da gefe har ta ɓace, sai rufinta kake hangowa.

Jif ɗin tana nan a ciki har yau, motar Legas ba ta zo ba. Bala ƙaramar motar Hajiya yake ja yanzu, duk Alhamis ya kai wa Malam Aƙilu kiret guda na fararen, waɗanda suka farfaɗo a rarraba wa masallatai. An cire esi, janareto ya huta, tsuntsaye sun dawo kan lemon tsami. Bala ya ce tun da aka fara aikin nan bai ga an yi wa iska alheri ba sai ranar da aka toshe jif. Alhaji ba ya goge abin da ya sa wa hannu, saboda haka a gefen lamba ɗaya ya ƙara da ƙaramin rubutu: ya farfaɗo.

Kwana uku da komawata, bayan la'asar, ina zaune a bakin gado na kunna fitila don in gyara ɗinkin zani. Zare ya shiga allura a karon farko. Sai na ji sallama. Alhaji ne a bakin ƙofa, da hularsa ta da, bai shigo ba. Ya dubi silin, ya dubi kusurwar gabas, ya ce, “Mairo, akwai sauran abin da ya lalace a nan?”

Na ce, “Sakatar ƙofa ce take ɗan cijewa.”

Ya buɗe baki ya ce, “Za a...” Ya tsaya. Ya juya ya tafi, na ce to mun koma gidan jiya. Ban kai ƙarshen ɗinkin ba ya dawo da sukudireba a hannunsa, ya tattare babbar riga ya tsuguna a bakin ƙofata.

Bai iya ba, ƙusa biyu ya ɓatar, sakatar ta fi da lalacewa. Na tashi na riƙe masa ƙofar, na matsa gefe don kada in tare masa haske.